Taguwa Ko Ƙwaya? Tarihin Gardamar Masana A Kan Haske

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa shirye-shiryen suna zuwa ne a kan mita 19, ko mita 25, ko mita 49 a gajeren zango. Waɗannan kalmomi sun zauna a bakin jama'a, tun daga ma'aikacin ofis har zuwa mai shayi, amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi mene ne abin da ake aunawa da mitan nan, tun da yake ba yadi ba ne, ba kuma fili ba. Amsar tana cikin wani reshe na kimiyya mai nazarin taguwa, kuma masana sun shafe shekaru fiye da 200 suna ja-in-ja kafin su kai gare ta.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wannan ja-in-ja. Za a fara da bayyana ma'anar taguwa da ɗabi'unta, sa'an nan a duba yadda aka gane cewa sauti taguwa ne, daga nan a shiga doguwar gardamar da aka yi a kan haske, har zuwa inda ta haifi rediyo. Tarihin yana da amfani ga ɗalibi da ma'aikaci baki ɗaya, domin yana nuna abin da yake faruwa idan girman mai magana ya yi karo da hujjar da ido ya gani.

MECE CE TAGUWA?

Hausa tana da sunaye uku ga abin nan da ruwa yake yi idan iska ta kaɗa shi, watau igiyar ruwa, da raƙuman ruwa, da taguwar ruwa. Biyu daga cikinsu daga dabba ɗaya aka aro su, domin taguwa ita ce macen raƙumi, kuma wanda ya taɓa hangen ayari, tozaye suna hawa suna sauka, ya san dalilin aron. A wannan lacca za a riƙe kalmar taguwa. Wurin da ruwan ya tashi a kira shi tozo, inda ya lotsa kuma a kira shi kwari.

Idan aka jefa dutse a tsakiyar kududdufi, za a ga da'irori suna buɗewa har su kai gaɓa. Mai kallo zai zaci ruwan ne yake tafiya. Amma in akwai ɓawon gyaɗa a kan ruwan, zai ga ɓawon yana hawa yana sauka a wurinsa, bai bi da'irar zuwa gaɓa ba. Haka kuma idan iska ta ratsa gonar shinkafa a fadama, ana ganin lanƙwasa tana gudu daga wannan kunya zuwa waccan, alhali babu karan da ya bar gindinsa. Abin da yake tafiya shi ne motsin da ƙarfin da yake ɗauke da shi. Wannan ita ce ma'anar taguwa a kimiyya.

Ana auna taguwa ta hanyoyi uku. Na farko shi ne zango, watau nisan da yake tsakanin tozo da tozon da yake biye da shi. Na biyu shi ne yawan kaɗawa, watau tozo nawa ne suke wuce wani turke a cikin sakan ɗaya. Na uku shi ne tsayin tozon, wanda yake nuna yawan ƙarfin da taguwar take ɗauke da shi. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙi da ta haɗa biyun farko: idan aka ninka zango sau yawan kaɗawa, abin da ya fito shi ne gudun taguwar. Alal misali, taguwar rediyo tana gudun mita miliyan 300 a sakan ɗaya. Tashar da take kan mita 25 ke nan tana kaɗawa sau miliyan 12 a kowane sakan.

Kowace irin taguwa tana da ɗabi'u huɗu. Tana dawowa idan ta ci karo da bango, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Tana karya hanya idan ta shiga wani abu da gudunta ya sauya a cikinsa. Tana kewaya shinge ta bazu a bayansa. Ta huɗu kuwa ita ce haɗuwa: idan taguwa biyu suka gamu, tozo ya hau tozo, sai tsayin ya ƙaru, in kuma tozo ya faɗa cikin kwari, sai su shafe juna ruwan ya kwanta. Ya kamata a riƙe wannan ɗabi'a ta huɗu da kyau, domin a kanta aka yanke hukuncin gardamar da za a ba da tarihinta. Ƙwayar gero biyu ba za su taɓa haɗuwa su zama babu ba, amma taguwa biyu suna iya yin haka.

YADDA AKA GANE SAUTI

Sauti bai ba masana wahala sosai ba, domin makaɗa sun riga sun share musu hanya. Ana danganta wa Fisagoras, masanin Girka na ƙarni na 6 kafin Miladiyya, gano cewa idan aka danne tsirkiya a daidai rabinta, tana ba da amo irin na farko amma a sama. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya, wani magini na Rum mai suna Vitruvius ya kwatanta bazuwar murya a dandalin wasa da da'irorin da dutse yake tayarwa a ruwa. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya tattara wannan ilmi ya faɗaɗa shi a babban littafinsa na kiɗa.

A ƙarni na 17 ne aka sa wa abin lissafi. Marin Mersenne na Faransa a 1636, da Galileo na Italiya a 1638, sun nuna cewa kaifin amo ya dogara ne ga yawan kaɗawar tsirkiya. Mersenne ya fitar da ƙa'idodi: gajeriyar tsirkiya ta fi doguwa saurin kaɗawa, siririya ta fi kakkaura, kuma idan aka ƙara ɗaurin tsirkiya ninki huɗu, kaɗawarta tana ninkawa biyu. Mai goge yana aiki da ƙa'idar farko duk lokacin da ya danna yatsa. Mai kalangu kuma, idan ya matse tsarkiyar gangar a hammata, fatar tana ƙara ɗaurewa, amon ya hau, shi ya sa kalangu yake iya bin hawa da saukar karin harshen Hausa har a ce yana magana.

A 1660 Robert Boyle ya sa agogo cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar da famfo, sai ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace. Wannan ya tabbatar da cewa sauti yana bukatar abin da zai bi, domin shi matsewa ne da sakewa na iskar, suna bin juna har su iske kunne. Isaac Newton ya yi ƙoƙarin lissafa gudunsa a 1687, amma adadin da ya samu ya gaza na gaskiya da wajen kashi 15 cikin 100, sai a 1816 Laplace na Faransa ya gyara lissafin. Gudun sauti a iska mai matsakaicin zafi mita 343 ne a sakan. Saboda haka wanda ya ga walƙiya, ya ƙirga sakan uku kafin ya ji tsawa, ya san abin ya faru ne a nisan kimanin kilomita ɗaya.

DAGA IBNUL HAISAM ZUWA NEWTON

Haske shi ne ya zama alaƙaƙai. Da yawa daga masanan Girka sun ɗauka cewa ido ne yake fitar da wani tsirkiyar gani ta je ta taɓa abu. Wanda ya rushe wannan ra'ayi da gwaji shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir, mai juzu'i 7, ya nuna cewa haske yana tasowa ne daga abu ya shiga ido, kuma ta hanyar gwaji da fitilu da ɗaki mai duhu mai 'yar kafa ya nuna cewa yana tafiya a miƙe. An juya littafin zuwa Latin wajen 1200, kuma masanan Turai sun yi ƙarnoni suna karatu a kansa. Abin da ya fi muhimmanci a gadonsa shi ne hanyar aikinsa, watau a gwada magana kafin a karɓe ta, ko da wane ne ya faɗe ta.

A 1676 Ole Rømer, mutumin Denmak mai aiki a Faris, ya lura cewa husufin ɗaya daga watannin Mushtari yana jinkiri idan duniya ta yi nisa da Mushtarin, yana kuma gaggawa idan ta matso. Ya kammala da cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. To, mene ne wannan abu mai tafiya? Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ce taguwa ce. Ya gabatar da ra'ayinsa a 1678, aka buga shi a 1690. Newton kuwa, a littafinsa na haske na 1704, ya karkata ga cewa ƙananan ƙwayoyi ne da rana ko fitila take fesowa.

Hujjar Newton tana da ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta yadda take. Taguwa tana kewaya shinge. Mutum yana jin sallamar baƙo daga bayan katanga, amma ba ya ganinsa. In da haske taguwa ne, da ya kewayo katangar kamar yadda muryar ta kewayo, da kuma inuwa ba ta da kaifin baki. Gaskiya ne wani malamin Italiya mai suna Grimaldi ya ga wasu siraran layuka na haske a gefen inuwa, aka buga bayaninsa a 1665 bayan rasuwarsa, amma Newton ya fassara su da cewa gefen abin ne yake karkatar da ƙwayoyin.

Newton ya shugabanci Ƙungiyar Masana ta Sarkin Ingila daga 1703 har rasuwarsa a 1727. Shi ne mutumin da ya bayyana tafiyar duniyoyi da lissafi, saboda haka maganarsa a kan haske ta samu karɓuwar da ta wuce ƙarfin hujjarta. Shi kansa ya gabatar da wasu sassanta ne a matsayin tambayoyi, amma almajiransa suka mai da su hukunci. Leonhard Euler, babban masanin lissafi, ya goyi bayan taguwa a 1746, bai samu mabiya da yawa ba. Haka aka zauna kusan shekaru 100.

LIKITAN DA AKA YI WA DARIYA

Thomas Young likita ne a Landan, an haife shi a 1773. Nazarin ido da kunne ne ya ja shi zuwa ga haske da sauti. A laccocin da ya gabatar a 1801 da 1803 ya kawo ɗabi'ar haɗuwa, ya ce da ita za a raba gardama. A littafin laccocinsa na 1807 ya bayyana gwajin da ya yi suna da shi. A bar haske daga tushe ɗaya ya ratsa ƙananan kafofi biyu da suke dab da juna, ya faɗa a kan allo. In ƙwayoyi ne, za a ga tabo biyu na haske. Abin da ake gani kuwa jerin layuka ne, haske da duhu, haske da duhu. A wuraren duhun nan haske daga kafa ɗaya ya gamu da haske daga ɗaya kafar, tozo ya faɗa cikin kwari, suka shafe juna. Shaidar ita ce, da zarar an toshe kafa ɗaya, sai layukan duhun su ɓace.

Young ya ci gaba ya lissafa zangon haske, kuma abin mamaki da awon da Newton ya yi da hannunsa ya yi amfani. Ya samu cewa zangon jan haske kusan kashi ɗaya ne cikin 36,000 na inci, na shuɗin da yake ɗaya ƙarshen bakan gizo kuma kashi ɗaya cikin 60,000. A awon yau, taguwar haske kimanin 2,000 ne suke jeruwa cikin milimita ɗaya. Wannan adadi shi ne amsar hujjar Newton. Taguwa tana kewaya shingen da girmansa bai fi zangonta da yawa ba. Zangon muryar mutum ya kai kimanin mita ɗaya, don haka ƙofa da katanga ba sa tare ta. Zangon haske kuwa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, shi ya sa kewayensa ba ya bayyana sai a gefen gashi ko bakin reza.

Ba a karɓi Young da hannu biyu ba. A 1803 wani matashin lauya mai suna Henry Brougham, wanda daga baya ya zama babban ɗan siyasa, ya yi masa kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review ba tare da ya sa sunansa ba, yana nuna cewa aikin ba shi da wata daraja. Young ya mai da martani, amma jama'a sun fi karanta zagin a kan amsar. Ya koma ga aikin likita da wasu fannoni, har ya taimaka wajen warware tsohon rubutun Misra.

INJINIYAN HANYA DA ALƘALAI BIYAR

Wanda ya kammala aikin ma'aikacin gwamnati ne. Augustin Fresnel, wanda aka haifa a 1788, injiniya ne a ma'aikatar hanyoyi da gadoji ta Faransa. A 1815, da Napoleon ya dawo daga gudun hijira, Fresnel ya bi ɓangaren sarki, aka dakatar da shi daga aiki, ya koma gidan mahaifiyarsa a ƙauyen Mathieu. A can ya shiga gwaje-gwajen haske da kayan da maƙerin ƙauyen ya ƙera masa, har ɗigon zuma ya yi amfani da shi a madadin gilashin tara haske. A lokacin bai san aikin Young ba, amma ya isa inda Young ya isa, ya kuma wuce shi a lissafi.

A 1817 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta sa gasa a kan bayanin yadda haske yake kewaya gefen abu. Fresnel ya miƙa takardarsa a watan Yuli na 1818. Alƙalan gasar biyar ne: Laplace, da Biot, da Poisson, waɗanda duk mabiya ra'ayin ƙwaya ne, sai Gay-Lussac, sai Arago wanda yake goyon bayan Fresnel. Poisson, gwanin lissafi, ya bi ƙa'idodin Fresnel ya fitar da wani sakamako da hankali bai kama ba. In ƙa'idodin daidai ne, idan aka haska ɗan ƙaramin faifai mai kewayayyen baki, to, a tsakiyar inuwarsa, inda ya kamata duhu ya fi yawa, za a ga ɗigon haske. Arago ya ɗauki faifan ƙarfe mai faɗin milimita 2 ya yi gwajin. Ɗigon hasken yana nan a tsakiyar inuwar. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, har yau ma wasu suna kiran ɗigon da sunan Poisson. Dalilinsa kuwa shi ne, taguwoyin da suka kewayo ta kowane gefe na faifan nisa ɗaya suke yi kafin su kai tsakiya, saboda haka tozo yana hawa tozo. A watan Maris na 1819 aka ba Fresnel kyautar.

A 1821 Fresnel ya ƙara nuna cewa taguwar haske tana kaɗawa ne a gicciye da hanyar tafiyarta, kamar igiyar da aka girgiza, saɓanin sauti wanda yake matsewa da sakewa a tsawon hanyarsa. Ya kuma ƙirƙiro gilashin fitilar hasumiyar bakin teku, wanda aka fara kunnawa a Cordouan a 1823, ya tsirar da jiragen ruwa masu yawa. Tarin fuka ya kashe shi a 1827 yana da shekara 39.

Saura hujja ɗaya. Sanda tana bayyana a karye idan aka tsoma ta a ruwa. Ra'ayin ƙwaya ya bayyana wannan da cewa haske yana ƙara gudu a cikin ruwa, ra'ayin taguwa kuwa ya ce raguwa yake yi. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna gudun haske a doron ƙasa da wani gargare mai haƙora 720 da madubi a nisan fiye da kilomita 8, kuskurensa wajen kashi 5 ne cikin 100. A 1850 Léon Foucault ya gwada gudun a iska da a ruwa, ya samu cewa a ruwa ya fi jinkiri. A awon yau kimanin kilomita 225,000 ne a sakan cikin ruwa, a sarari kuwa kusan 300,000. Daga nan ra'ayin ƙwaya ya rasa masu kare shi.

DAGA ALLON LISSAFI ZUWA GAJEREN ZANGO

An yarda haske taguwa ne, amma mene ne yake kaɗawa? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa motsin maganaɗisu yana haifar da lantarki. James Clerk Maxwell na Sikotilan ya zuba binciken Faraday cikin lissafi, sai lissafin ya nuna cewa ƙarfin lantarki da na maganaɗisu suna iya tayar da juna su yi tafiya a matsayin taguwa. Da ya lissafa gudun wannan taguwa a 1862, daga awon da aka yi da kayan lantarki kawai, ya samu kilomita 310,740 a sakan, kusan daidai da abin da Fizeau ya auna wa haske. A takardarsa ta 1865 ya kammala da cewa haske kansa irin wannan taguwa ne, kuma babu abin da ya hana a samu wasu masu zangon da ido ba ya gani. Ya rasu a 1879 kafin a tabbatar da maganarsa.

Heinrich Hertz ne ya tabbatar da ita a garin Karlsruhe na Jamus a 1887 da 1888. Ya sa tartsatsin lantarki yana tsalle tsakanin ƙwallayen ƙarfe biyu, sai wani ɗan tartsatsi ya bayyana a zoben waya da yake can gefen ɗakin ba tare da wata waya ta haɗa su ba. Ya nuna cewa waɗannan taguwoyi suna dawowa daga allon ƙarfe, suna karya hanya, suna kuma shafe juna, daidai da haske. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1894 yana da shekara 36. Don tunawa da shi ake kiran kaɗawa ɗaya a sakan da sunansa, kuma shi ne kilohaz da megahaz da ake ji a rediyo.

Wasu suka ɗora daga nan, cikinsu har da Jagadish Chandra Bose a Kalkata da Alexander Popov a Rasha. Guglielmo Marconi na Italiya ne ya mai da abin sana'a. Ya ba da sanarwar cewa ranar 12 ga Disamba 1901 ya karɓi sigina a Newfoundland daga Poldhu a Ingila, a ƙetaren tekun Atlantika. Wannan ya ɗaure wa masana kai, domin duniya a dunƙule take, taguwa kuma a miƙe take tafiya. A 1902 Kennelly da Heaviside, kowanne a nasa ɓangare, suka ce lalle akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki a can sama wanda yake mai da taguwar ƙasa. Edward Appleton ya tabbatar da shi a 1924, a tsayin kimanin kilomita 100. Gajeren zango yana bugun irin wannan rufi ya dawo ƙasa, ya sake tashi, har ya ƙetare nahiyoyi. Hasken rana ne yake gina rufin, shi ya sa mitan da ta yi kyau da rana takan dushe da dare. Ta wannan hanya Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe ranar 13 ga Maris 1957, ya riƙa isa Kano da Damagaram daga nesa. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, shi ma ya daɗe yana kaiwa ga Hausawan Gana da Kamaru da Cadi a kan mita 49.

KOMAWAR ƘWAYA

Da an tsaya nan, da sai a ce taguwa ta yi nasara an rufe shari'a. Ba haka ta kasance ba. Masanan ƙarni na 19 sun ɗauka cewa, kamar yadda sauti yake bukatar iska, haske ma yana bukatar wani siririn abu da ya cika sarari, wanda suka kira eta. A 1887 Michelson da Morley suka neme shi a Cleveland ta Amurka da na'ura mai aiki da ɗabi'ar haɗuwa, ba su ga alamarsa ba. A shekarar kuma Hertz ya lura cewa wani irin haske yana taimaka wa tartsatsi ya tashi daga ƙarfe, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa lissafin taguwa ya kasa bayyana abin.

A 1905 Albert Einstein ya yi watsi da eta, ya kuma ce haske yana ba da ƙarfinsa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli gwargwadon yawan kaɗawarsa. A 1924 Louis de Broglie ya juya maganar, ya ce ilektoron, wanda kowa ya sani a matsayin ƙwaya, shi ma yana da zango. An tabbatar da haka a 1927. J. J. Thomson ya karɓi kyautar Nobel a 1906 bayan ya gano ilektoron a matsayin ƙwaya, ɗansa G. P. Thomson kuma ya karɓa a 1937 saboda nuna cewa yana yin ɗabi'ar taguwa. Matsayin kimiyya a yau shi ne haske yana tafiya bisa ƙa'idodin taguwa, yana kuma sauka a kan abu ƙulli-ƙulli. Gwajin Young bai tashi ba, lissafin Fresnel da na Maxwell suna nan ana aiki da su, an dai gane iyakarsu. Binciken kuma bai tsaya ba. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka, waɗanda jikokin na'urar Michelson ne, suka kama taguwar da take girgiza sararin samaniya kansa, wadda Einstein ya yi hasashenta tun 1916.

KAMMALAWA

Abubuwa biyu suka fito fili daga wannan tarihi. Na farko ya shafi ɗalibi. Girmama malami wajibi ne, kuma Young bai raina Newton ba, da awon Newton ma ya kafa hujjarsa. Amma a kimiyya sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma waɗanda suka tsaya ga sunan Newton suka bar hanyar aikinsa sun jinkirta ilmi har kusan ƙarni guda. Alƙalan Faris na 1819 sun cancanci yabo ta wannan fuska. Uku daga cikinsu ba su yarda da ra'ayin Fresnel ba, suna kuma da ikon hana shi, amma suka bar gwaji ya yi magana, aka ba injiniyan hanya haƙƙinsa.

Na biyu ya shafi ma'aikacin da yake zaune a kan kasafin kuɗin ilmi. Da an tambayi Maxwell a 1865 amfanin lissafinsa ga manomi ko ɗan kasuwa, babu fayil ɗin da zai iya cikawa. Shekaru 22 suka wuce kafin Hertz ya ga tartsatsinsa, wasu 14 kafin sigina ta ƙetare Atlantika, wasu 56 kuma kafin makiyayi a dajin Katsina ya rataya rediyo a kafaɗa ya ji labarin duniya daga Landan da harshensa. Wayar hannu, da hoton asibiti da ake ɗauka da sauti don duba mai juna biyu, da zaren gilashin da yake ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku, duk daga wannan tushe suka fito. Wanda zai yanke wa ɗakin gwajin jami'a kuɗi saboda bai ga amfaninsa a bana ba, ya kamata ya fara duba waɗannan shekaru kafin ya sa hannu.